Hannu ɗaya ya koma uku: me mai jari a Jibiya ya ƙaru da shi?

A ranar 7 ga Maris, 2024, duk mai hannun jari ɗaya a wani asusu da ake kira SOXX a Amurka ya wayi gari da hannu uku. Mai 10 ya ga 30. Farashin da ya kwana sama da dala 600 ya tashi a dala 200 da 'yan kai. Ranar 13 ga wannan watan kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Nijeriya da Nijar, wadda aka garƙame bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Labari na biyu ya taɓa tukunyar kowane gida a Jibiya da Magama, tun daga direban tirela har yaro mai tura kura. Na farkon kuwa bai ƙara wa kowa ko anini ba, har su masu hannun jarin.

Duk da haka irin na farkon ne yanzu ke yawo a wayoyin samari, a zaurukan WhatsApp da Telegram, ana turo shi da zumuɗi: kamfani kaza zai tsaga hannun jarinsa gida goma, a yi maza a saya kafin ranar. Shekara goma baya, wannan zance bai shafi kowa a bakin iyaka ba. Yau manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka da Risevest sun sa mai lambar BVN da waya a hannu yana iya mallakar ɗan yanki na kamfanin Amurka da kuɗin da ba su kai na buhun masara ba. Ga shi kuma gari ne da aka toshe wa hanyar abinci har sau biyu, daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022 a zamanin Buhari, sannan daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024. Mutumin da sana'arsa ta tsaya cak sau biyu cikin shekara biyar, ba a ga laifinsa in ya fara neman inda zai ajiye ɗan abin da ya tara nesa da shingen kwastam. Saboda haka maganar ta cancanci a zauna mata.

Mu fara da hajar kanta. A cikin kowace waya, da injin POS na mai cire kuɗi, da na'urar daidaita wutar sola, da motocin zamani, akwai wasu 'yan ƙwayoyin lantarki da ba su fi farce girma ba, waɗanda ake zanawa a kan faifan silikon. Su ke yin lissafi, su ke ajiye bayanai. Wayoyin Tecno da Infinix da Itel da suka cika aljihun mutanenmu, akasarinsu ƙwayar MediaTek ta Taiwan ce ko ta Unisoc ta Sin a cikinsu. Ashe tun kafin wani ya yi tunanin hannun jari, kuɗin mutanen Jibiya suna shiga wannan masana'anta ta ƙofar ciniki. Sana'ar kuma a hannun 'yan tsiraru take. Nvidia da AMD da Qualcomm na Amurka zane kawai suke yi. TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin da suka fi kowanne ƙarfi. Injin da ake buga zane mafi ƙanƙanta da shi kuwa, kamfani ɗaya tak ke yin sa a duniya, wato ASML na ƙasar Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150.

Asusun da ake ce wa ETF dabara ce ta wanda yake son sana'ar amma ba ya son jingina da kamfani ɗaya. Masu kula da asusu su tara kuɗin jama'a, su sayi hannayen jarin kamfanoni da dama bisa wani jeri da aka tsara, sannan asusun kansa a yanka shi hannu-hannu ana cinikinsa a kasuwa. Biyu ne suka yi fice a wannan fanni. SOXX na iShares ne, reshen BlackRock, an buɗe shi a Yulin 2001, yana riƙe da kamfanoni wajen 30. SMH yana hannun VanEck tun Disambar 2011, da kamfanoni wajen 25, kuma ya fi karkata ga manya, don Nvidia kaɗai kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukiyarsa. Kowannensu yana cire wajen kashi 0.35 cikin 100 a shekara a matsayin ladan kula. SMH ya tsaga hannunsa gida biyu a Mayun 2023, SOXX ya bi bayansa da gida uku.

Mece ce tsagawar? Je ka wurin ɗan canji a Magama da takardar jaka goma ta sefa, ka ce ya fasa maka. Zai miƙo maka jaka ɗai-ɗai guda goma. Aljihu ya yi kauri, amma waken da kuɗin za su auno a Maraɗi, shi ɗin dai za su auno, kuma ba mai hankalin da zai koma gida ya ce wa iyalinsa yau ya ci riba ninki goma. Tsaga hannun jari ke nan, ba ƙari ba ragi. Dukiyar asusun tana nan yadda take, rabonka a cikinta yana nan, yawan hannayen ne ya ƙaru, farashin kowane ya ragu daidai gwargwado. Ribar da ake rabawa kan kowane hannu ita ma haka ake yanka ta.

To, in babu amfani, don me manyan kamfanoni ke yi? Akwai amfani, sai dai ƙarami ne. Hannun da ya kai dala 1,200, kamar na Nvidia kafin a tsaga shi gida goma a Yunin 2024, ya fi ƙarfin ƙaramin mai saye da ma'aikacin kamfani da ake biyan wani ɓangare na ladansa da hannun jari. In ya dawo dala 120, ciniki ya fi gudana. Amma ko wannan amfanin ya ragu, tunda yawancin manhajoji yanzu suna sayar da gutsuren hannu, mai dala 10 ma a yanka masa daidai kuɗinsa. Akwai kuma abin da ke ruɗin mutane: kusan duk kamfanin da ya tsaga hannunsa, ya yi hakan ne bayan farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Sai mai kallo ya ga tsagawa da arziki tare, ya ɗauka ita ta haife shi, alhali shi ya haife ta. Wanda ya sayi hannu ɗaya na Nvidia a kan dala 12 lokacin da ya shiga kasuwa a Janairun 1999, yau hannu 480 gare shi, bayan tsagawa shida a 2000 da 2001 da 2006 da 2007 da 2021 da 2024. Ya yi arziki, babu musu. Amma da ba a taɓa tsagawa ba, da hannu ɗayan nan nasa ya kai darajar 480 ɗin cif. Kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett bai taɓa tsaga babban hannunsa ba, guda ɗaya ya wuce dala 600,000 a 2024, kuma ba a ji masu shi suna kuka ba.

Shekarar 2024 kanta ta isa hujja. SOXX da ya tsaga gida uku a shekarar ya ƙaru da wajen kashi 13 cikin 100. SMH da bai tsaga komai ba a shekarar ya ƙaru da kusan kashi 39. Fanni ɗaya, kasuwa ɗaya, watanni 12 ɗaya. Bambancin yana cikin abin da kowane ya ɗauka: SMH ya cika jakarsa da Nvidia da TSMC, waɗanda guguwar ƙirƙirarriyar basira ta ɗaga, SOXX kuma ya baza kuɗinsa har kan kamfanonin da suka yi ciwon shekara, irin su Intel. Wanda ya bi labarin tsagawa ya bar karanta jerin kamfanonin, ya zaɓi mai ƙaramar riba.

Yanzu ga babbar tambayar, wadda ta fi ta tsagawa nauyi nesa ba kusa ba: in mutum ya saya ya riƙe shekaru, me zai samu? Amsar ta dogara da ranar da ya shiga, kuma masu talla ba sa son a faɗi haka. Daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2024, farashin SMH ya ninka kusan sau tara, na SOXX wajen sau bakwai. Wannan gaskiya ce, kuma ba kowace sana'ar halal ke ba da irinta ba. Amma ja hoton baya kaɗan. Ma'aunin kamfanonin wannan fanni na kasuwar Filadelfiya, wanda ake kira SOX, ya kai ƙololuwa a Maris na 2000, lokacin haukar intanet. Kafin ƙarshen 2002 ya zubar da fiye da kashi 80 cikin 100 na darajarsa. Bai sake taka inda ya taka a 2000 ba sai wajen ƙarshen 2017. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da ubansa ya saya, sai da ya isa kammala sakandare kafin uwar kuɗin ta dawo.

Labarin Intel ya fi zafi. A shekarun 1990 shi ne sarkin fannin, yana tsaga hannunsa kusan duk bayan shekara ɗaya ko biyu, ta ƙarshe a Yulin 2000. Wata guda bayan nan farashinsa ya kai wajen dala 75. A ƙarshen 2024, bayan shekara 24, yana wajen dala 20, ya dakatar da rabon riba, an kuma cire shi daga ma'aunin Dow Jones an sa Nvidia a gurbinsa. Amfanin asusun haɗaka ke nan a kan kamfani ɗaya, don in wani ya durƙusa wani na iya ɗauke nauyin. Amma in fannin duka ya faɗi, kamar 2022 da asusun biyu suka yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku, babu mai ɗauke wa wani.

Wannan hawa da sauka a jinin sana'ar yake. Masana'antar ƙwayoyin lantarki ɗaya tana cin biliyoyin daloli da shekaru kafin ta fara aiki. In kaya suka yi ƙaranci, kamar 2021 da masana'antun motoci suka riƙa tsayar da aiki don rashin ƙwaya, kowa sai ya ruga gini da odar kaya. Kafin a gama, buƙata ta lafa, kaya sun yi yawa, farashi ya karye, kamar yadda ya faru da ƙwayoyin ajiyar bayanai a 2023. Ga siyasa kuma. Tun Oktoban 2022 Amurka ke taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwayoyi, Sin kuma ba ta daina cewa Taiwan tata ce ba. Mutumin Jibiya ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda sa hannun shugaba ɗaya ke tsayar da kasuwa. A ranar 27 ga Janairun 2025, labarin wata manhajar Sin mai suna DeepSeek kaɗai ya sa Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 a wuni guda, darajar da ta kusa dala biliyan 600 ta bi iska. Daga baya ya farfaɗo har ya wuce inda yake, amma wanda tsoro ya sa ya sayar a makon nan, tasa asarar ta tabbata.

Akwai wani asusu da ya kamata a ja kunnen samari a kansa musamman, don shi ya fi jan ido. SOXL na kamfanin Direxion yana ninka motsin fannin sau uku a kowace rana. A Maris na 2021 ya tsaga hannunsa gida 15, farashi ya yi arha, jama'a suka yi ca. A 2022 ya zubar da fiye da kashi 80 cikin 100. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce kasuwa ta sauka daga 100 zuwa 90 yau, gobe ta koma 100. Mai asusu na gama-gari bai rasa komai ba. Mai ninki uku ya sauka zuwa 70, washegari ya hau zuwa 93. Kasuwa ta dawo inda take, shi an ci masa 7. In aka yi ta wannan kai-komo wata da watanni, jari sai ya narke a tsaye. Ɗan'uwansa SOXS, wanda ke cin riba in fannin ya faɗi, shi kullum haɗe hannayensa ake yi, goma su koma ɗaya, kamar yadda aka yi a 2022 da 2024, don kada farashin ya kai ƙasa.

Mu a nan gida ba baƙin wannan wasa ba ne. Bayan Charles Soludo, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, an yi wata haukar hannun jari da ta shigo har Arewa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho suka yi ta cike fom. Abin da ya fi daɗi a kunne a lokacin shi ne bonas, wato a ba ka hannu ɗaya kyauta kan kowane huɗu ko biyar da kake da su. Bonas kuwa ƙanwar tsagawa ce, takardu ne ke ƙaruwa a kan dukiya ɗaya. Ma'aunin kasuwar Legas ya haura maki 66,000 a Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya faɗo wajen 20,000. A Agustan 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu, da bonas ɗin da komai. Bankin Unity, wanda aka haɗa a 2006 daga bankuna tara har da Bank of the North na Kano, ya yi akasin tsagawa a 2015: hannu 10 suka koma 1, farashi ya tashi daga kobo 50 zuwa naira 5. Kafin ƙarshen 2016 ya sake komawa ƙasa da naira 1. Sauya lamba ba ta gyara bankin ba.

Ko kwanan nan an sake gani a wata siga. A Satumbar 2024, samarin Arewa da suka kwashe watanni suna danna fuskar waya a wasan Hamster Kombat sun ga miliyoyin maki sun koma ɗaruruwa ko dubban sulallan kirifto, da aka zo canzawa kuma da yawansu ko kuɗin datar da suka ƙona ba su fito ba. Son lamba mai yawa ciwo ne da ba ya jin magani da sauƙi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi shafar mai jari a bakin iyaka shi ne kuɗin da yake ƙirga ribarsa da su, kuma a wannan fanni ɗan canjin Jibiya ya fi mai digirin da ke zaune a Abuja ido. Tarihin kuɗin ƙasashen biyu ya koyar da darasin ta fuska biyu. A ranar 1 ga Janairun 1973, Nijeriya ta bar fam ta koma naira, kowane fam ɗaya ya zama naira biyu. Mai fam 100 ya wayi gari da naira 200, bai ƙaru da komai ba. A Janairun 1994 kuwa, a wani taro a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai jaka 100 a Maraɗi ya wayi gari da jakarsa 100 cif, ba a taɓa ko ɗaya ba, amma rabin ƙarfinsu na sayen kayan waje ya tafi. A karo na farko lamba ta ninka dukiya na nan, a na biyu lamba na nan dukiya ta rabu biyu. Soludo ma ya so ya cire sifili biyu daga naira a Agustan 2007, naira 100 ta koma naira 1, sai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shirin cikin 'yan kwanaki. Ghana ta cire sifili huɗu daga sidi a shekarar, kuma sidi bai fasa faɗuwa daga baya ba.

Mu ɗauki misali da mutum biyu, ɗaya a Jibiya ɗaya a Maraɗi, kowanne ya sayi SMH a farkon 2023 ya riƙe zuwa ƙarshen 2024. A dala, asusun ya ƙaru da sama da kashi 70 a shekarar farko, da kusan 39 a ta biyu, wato kuɗi sun ninka kusan sau biyu da rabi. Na Maraɗi da sefa ya shiga, ita kuwa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, dala ba ta motsa sosai a gabanta ba a tsakanin. Shi ninki biyu da rabin ya gani. Na Jibiya ya sayi dala a wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, a ƙarshen 2024 kuma tana sama da naira 1,600, bayan an saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023. In ya duba wayarsa, kuɗinsa sun ninka fiye da sau biyar. Zai yi ta ba da labari a majalisa. Amma ranar da ya canza su ya tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa zai sayi rago ko wake da sefa, abin da abokinsa zai saya, shi ma shi zai saya. Fiye da rabin ribar da yake murna da ita faɗuwar naira ce ta sa rigar riba. A gida ma tsadar kaya, wadda hukumar ƙididdiga ta ce ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta ci nata kason.

Kada a fahimce ni a baibai. Tsira daga faɗuwar naira ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya bar kuɗinsa a asusun ajiya na banki a waɗannan shekaru ya san abin da ya same shi. Sai dai a san wace riba ce ta kamfanoni, wace ce ta canji, don ta biyun tana juyawa. Tsakanin Fabrairu da Afrilun 2024 dala ta sauko daga kusan naira 1,900 a kasuwar bayan fage zuwa wajen 1,100, kafin ta sake hawa. Wanda ya shiga a Fabrairu ya fita a Afrilu ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku, ko da hannun jarinsa bai motsa ba. Na Maraɗi shi ma bai tsira ba, don a rabin farko na 2025 dala ta sauka da fiye da kashi 10 a gaban yuro, ta ja ribarsa ƙasa.

Da wannan ma'aunin ya kamata a sake duba kasuwarmu ta gida. Ma'aunin Legas bai koma maki 66,000 na 2008 ba sai a Agustan 2023, shekara 15 ke nan. An yi ta murna. Amma a 2008 dala tana ƙasa da naira 120, jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 300 ba. A Agustan 2023 dala ta wuce naira 700 ko a farashin hukuma, a 2024 kuma jaka ɗaya ta haura naira 2,000. Wanda ya riƙe tun 2008, lambarsa ta dawo, ƙarfin kuɗinsa bai dawo ba, sai ɗan abin da ya tsinta a rabon riba na shekara-shekara. Mutumin Nijar yana da tasa kasuwar, BRVM ta Abijan, wadda ƙasashe takwas masu sefa ke tarayya a cikinta, har da bankin BOA na Nijar a jerinta. Ba ta da kamfanin ƙwayoyin lantarki ko ɗaya, kamar dai ta Legas. Duk mai son wannan fanni a ɓangarorin iyakar biyu, dole kuɗinsa su ƙetare teku.

Da zarar sun ƙetare kuwa, sai wasu tambayoyin su taso. Ta farko ta addini ce. Ƙera ƙwayar lantarki sana'a ce halal a kanta, amma malaman da ke tantance hannun jari suna duba bashin ruwa da ke kan kamfani da kuɗin ruwan da ke shiga masa. Ƙa'idar hukumar AAOIFI ta Bahrain ita ce bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shigar da ba su halatta ba kada su wuce kashi 5, su ma a fitar da su sadaka. SMH da SOXX ba sa yin wannan tankaɗe, duk kamfanin da ke jerin sai su saya. SOXL kuwa a kan yarjejeniyoyin musaya da bankuna aka gina shi, masu ɗauke da kuɗin ruwa, wanda ke da wuya a sami malamin da zai sa masa hannu. Akwai asusun da aka tace, irin su SPUS a Amurka, wanda Nvidia ke cikin manyan kayansa, da asusun Lotus Halal da ke kasuwar Legas tun 2014. Zakka kuma a kan darajar dukiya take, ko hannu ɗaya ne ko an tsaga shi gida ɗari.

Sauran tambayoyin na hanya ne. Amurka tana cire kashi 30 na duk ribar da aka raba wa ɗan Nijeriya, don babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu, ko da yake rabon ribar waɗannan asusu dama ƙanƙani ne, bai kai kashi 1 a shekara ba. Baƙon da ya rasu ya bar dukiyar da ta wuce dala 60,000 a hannun jarin Amurka, harajin gado na can yana iya hawa kanta kafin magada su gani. A Agustan 2021 Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu na rufe asusun banki na wasu daga cikin manhajojin nan na wucin gadi, kafin daga baya a sake su. Wata guda bayan haka gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki, na tsawon watanni. Mai jarin da ke cikin waya, a irin wannan lokaci sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis kafin ya ga ko dukiyarsa na nan. Ga kuma 'yan damfara da ke fakewa da sunayen manyan kamfanoni. Wanda ya manta MMM ta 2016, bai isa ya manta CBEX ta Afrilun 2025 ba. Manhajar da ba ta da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Nijeriya, ko ta yi alƙawarin riba tsayayya duk wata, a bar ta.

A ganina, asusun ƙwayoyin lantarki ba haramiyar hanya ba ce ga mutumin bakin iyaka ta fuskar hankali, in ya warware ta fuskar shari'a da malaminsa. Duniya ba za ta daina buƙatar wannan haja ba. Amma buƙatar haja daban, farashin da ka sayi kamfanin daban, mutanen 2000 ma ba su yi kuskure ba da suka ce intanet za ta mamaye duniya, tsada suka saya. Wuri ne na kuɗin da mutum zai iya kawar da kai daga gare su shekara goma, ya ga sun ragu da rabi bai rasa barci ba. Jarin kasuwar Lahadi, da kuɗin taki, da na auren 'ya, da na kujerar Makka da aka sa wa rana, ba nan ne wurinsu ba. Ranar tsagawa kuwa ba dalilin saye ba ce, ba kuma dalilin sayarwa ba.

Abu na ƙarshe ga wanda ya riga ya shiga. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da ba a zo an karɓa ba a Nijeriya ta kai wajen naira biliyan 190, kuma cikin dalilan akwai masu jarin da suka rasu iyalansu ba su san da dukiyar ba. Waɗancan ma takarda suka bari a akwati, ana iya tsinta. Kai naka a waya yake, bayan lambar sirri. Ɗan'uwa, rubuta sunan manhajar da bayanan asusun, ka damƙa wa wanda ka amince da shi cikin magadanka.